ƘURI'AR "AN CE"

'Yan uwana mata, 'yan mata da matan aure, har da zawarawa, don ku maganar nan ta ma fi shafa. Yau ban zo maku da labarin soyayya ba, faɗa na zo yi, kuma duk wadda ta ji zafi ta yi haƙuri, da ita nake.

Iyayenmu suna ba mu labarin wani irin zaɓe da aka yi zamanin mulkin Babangida, wanda ake ce wa ƙato-bayan-ƙato. A zaɓen gwamnoni na watan Disamba 1991, lokacin jihar Katsina tana da shekara 4 kacal da kafuwa, haka aka yi shi a Kankiya da Kusada da ko'ina. Ga layin Sa'idu Barda na NRC, ga layin Umaru Musa 'Yar'aduwa na SDP, kowa ya je ya tsaya bayan wanda yake so da rana tsaka, a bi layi a ƙirga kawuna. Mutane sun yi ta kuka da shi, wai tonon asiri ne, maigidanka na kallonka, mai unguwa na kallonka. Ban musa ba, yana da aibunsa. Amma dai ko ba komai wanda ya ƙi ka ka gan shi da idonka, ka san layin da ya bi, in kun haɗu gobe kana iya tambayarsa dalili.

To akwai wani zaɓen da ake yi a garuruwanmu kullum ta Allah, ba akwati, ba layi, ba malamin zaɓe, kuma wadda ake kaɗa wa ƙuri'ar ba ta ma san ta tsaya takara ba. Ana yin sa a gidan kitso, da gidan suna, da wajen injin markaɗe, da bakin famfo, da majalisar maza a teburin mai shayi. Kowace mace a garin nan tana da maki da ake riƙe mata a baki, yau a ƙara, gobe a rage, ita kuwa ba ta taɓa ganin takardar sakamakon ba. Ranar da za ta san ta faɗi ita ce ranar da za a aiko a ce a mayar da kayan sa rana, ko kuma saurayin da ya yi shekara yana sintiri a ƙofar gidansu ya ɗauke ƙafa ɗif, ba faɗa ba cacar baki. A tambayi dangin yaro, su ce, "Mun yi bincike ne." Me kuka gano? "An ce..." Wa ya ce? Shiru.

Wannan "an ce" ɗin da shi nake faɗa. Ba shi da uwa, ba shi da uba, ba shi da ƙofar gida balle a aika masa sammaci, amma ya kashe aure ya fi a ƙirga.

Ki duba yadda ake kaɗa ƙuri'ar, 'yar uwa, don sau da yawa ko magana ba a yi. Gwaggon yaro za ta taso daga Yashe ko Rimaye, ta sauka gidan wata tsohuwar ƙawarta a unguwar su yarinya, a sha ruwa, a gaisa, sannan ta sassauta murya ta ce, "Ni kuwa ɗiyar gidan wane, ya take?" Sai matar gida ta taɓe baki, ta kalli rufin ɗaki, ta ja numfashi ta ce, "Hmm. To, Allah dai Ya rufa mana asiri." Shi ke nan fa! An gama. Ba ta ce ta yi sata ba, ba ta ce ta bi maza ba, in aka tsare ta gobe Alƙur'ani za ta dafa ta rantse ba ta ce komai ba, kuma a zahiri ba ta ce ba. Wata ta ce, "Ni dai kada a ji mutuwar sarki a bakina." Wata ta ce, "A dai ƙara bincike." Kalma huɗu, ba ta kashe ko sisi ba, ko tabarmarta ba ta bari ba, ta rushe abin da wata uwa ta yi shekara ashirin tana ginawa. Wallahi da za a ce duk wadda za ta taɓe bakin nan sai ta ajiye ko da mudun gero ne jingina, in maganar ta tabbata ta ɗauki abinta, in ba ta tabbata ba ta rasa, da rabin bakunan garin nan sun rufu. Araha ce ta sa ake yi.

Sannan ga rashin adalcin lissafin. Gwaggo ta tambayi mutum goma, tara sun ce yarinya ce mai kunya, mai gaida mutane, ba ta wuce Islamiyya, ɗaya ta yi "hmm". Da wanne kike zaton za ta koma gida? Da "hmm" ɗin nan za ta koma, tana cewa ai taran kara suka yi, ɗayar ce ta faɗi gaskiya. Wato alheri in an faɗa kara ce, sharri in an faɗa shi ne gaskiya. A wace makaranta aka koyar da wannan lissafin?

Za a ce mini ai ba mutum ɗaya ba ne, gari duka ya ɗauka, kuma ruwa ba ya tsami banza. To bari mu bi ruwan mu ga inda ya tsamo. Dillaliya ta shigo da atamfa ta bar magana. Matar gida ta kai wa mai kitso. Mai kitso ta yi wa mata shida kitso ranar, kowacce ta tashi da ita a ka tare da shuku. Daga cikin shidan wata ta gaya wa mijinta da dare, shi kuma ya kai majalisa. Kafin sati ya zagayo, in kika tambayi mutum talatin, talatin ɗin za su ce sun ji. Sai a ce shaidu talatin. Ina talatin? Baki ɗaya ne aka yi ta juye shi daga wannan kwano zuwa wancan. Ki bi sawun maganar baya-baya, in kin yi sa'a kika kai tushe, za ki iske wata ce da ɗanta ya nema aka hana shi, ko wadda tata ɗiyar ta girmi wannan ba ta samu miji ba, ko kishiyar uwar yarinyar, ko kuma wanda ya tare ta a hanya ta ƙi kula shi. Yanzu kuma da waya ta shiga hannun kowa, abin da dillaliya take yi a sati, saƙon murya ɗaya yana yin sa kafin a sauke tukunya. Ruwa yana tsami banza mana, in wani ya zuba masa tsamiya da dare.

Abin da ya fi ba ni takaici, da zarar makin mace ya yi ƙasa, to komai ta yi sai ya zama hujja. In ta yi kwalliya, a ce kun gani ko? In ta daina, a ce asiri ya tonu ta yi laushi. In ta yi dariya, ba ta da kunya. In ta yi shiru, munafuka ce. Wadda ba ta taɓa ganinta ba ma sai ta ƙara nata dutsen, don ta ga kowa na jifa, kuma tana tsoron in ta kare ta a ce halinsu ɗaya. Masu sanin alherinta kuwa, waɗanda suka yi makwabtaka da ita tun tana goye, sai su naɗe hannu su ce ba ruwansu. Mai sharri ba ta gajiya da fita zaɓe, mai alheri ce kullum take zama a gida.

Kuma su wa aka fi rage wa maki? Ku duba da kyau. Yarinyar da ta yi karatu. Ga makarantar koyon aikin lafiya nan a Kankiya, 'ya'yan mutane suna zuwa daga garuruwa daban-daban suna koyon abin da za su taimake mu da shi. Sai ki ji an ce, "Ai 'yar makarantar kwana ce, idonta ya buɗe." An gan ta ta sauka daga mota a Gidan Mutum Ɗaya, an gan ta a gidan gaba kusa da direba. To a ina za ta zauna in nan ne wurin da ya rage, a saman taya? Mutumin da ya faɗi wannan maganar a majalisa, shi ne ranar da matarsa take naƙuda zai tsaya a asibiti yana ɗaga murya shi sai mace ce za ta duba masa iyali. Daga sama za ta faɗo, Malam? Sai bazawara. Aurenta ya mutu sau biyu, an rubuta mata "ba ta zaman aure", ba wanda ya tambaya ko na farkon dukanta yake yi, na biyun kuma ya tafi Legas shekara uku ba aike. Shi kuwa wanda ya saki mata huɗu yana nan da farar shaddarsa, ana ce masa Allah bai haɗa jininsu ba ne. Sai wadda miji ya mutu ya bari, ko wadda aka aura kasuwa ta karye, a ce farar ƙafa gare ta, kamar ita ke riƙe da ajali da arziki.

Mafi muni duka ita ce kalmar maita. Yaro ya yi zazzaɓi ya suma, cikin zafin ciwo ya ambaci sunan wata tsohuwa, maimakon a nufi asibiti a auna jininsa, sai a nufi gidan tsohuwa a ce ta zo ta tsallaka shi. Daga ranar an gama da gidan. Tunda an ce wai a nono ake sha, to ɗiyarta ta ɗauka, jikarta ta ɗauka, wadda ba a haifa ba ma an riga an rage mata maki tun tana ciki. Akwai gidajen da in kika bincika dalilin da ya sa 'yan matansu sai baƙo daga nesa ke aurensu, za ki tarar wata magana ce da aka yi tun kafin a haifi uwarsu, wanda ya faɗe ta ya daɗe a kabari, maganar tana nan tana cin mutane.

Wannan ciwo ba a kanmu aka fara ba. A tarihin mutanen Girka, a birnin Atina, suna da wata al'ada: a shekara sau ɗaya jama'a za su iya taruwa, kowa ya ɗauki tsingaro ya rubuta sunan wanda yake so a kora daga gari. In ƙuri'u suka kai 6,000, wanda sunansa ya fi yawa sai ya bar gari shekara 10, ba tuhuma, ba shari'a, ba kare kai. Wajen shekara 482 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) abin ya faɗa kan wani dattijo mai suna Aristidis, wanda saboda gaskiyarsa ake masa laƙabi da Mai Adalci. Masu tarihi sun kawo cewa ranar zaɓen wani baƙauye da bai iya rubutu ba, kuma bai san fuskarsa ba, ya miƙa masa tsingaro ya roƙe shi ya rubuta masa sunan Aristidis. Ya tambaye shi me mutumin ya yi masa, sai ya ce bai yi masa komai ba, bai ma san shi ba, shi dai ya gaji da jin ana yabonsa ne. Ya karɓa ya rubuta sunan kansa ya miƙa masa. Ba a yi shekara 3 ba, da rundunar Farisa ta taso masu, suka neme shi ya dawo. Ki ce wannan baƙauyen ba ki san irinsa ba a unguwarku! "Ni dai haushinta nake ji, komai ita, komai ita." Amma ko su da ba su da Littafi sun sa ƙa'ida, sai dubu shida, sai shekara-shekara, kuma bayan shekara goma mutum ya dawo ya iske dukiyarsa. Mu baki uku ya isa, kullum kasuwar a buɗe take, kuma babu ranar dawowa.

Mu da muke da Littafi fa? Duk wadda ta zauna a Islamiyya ta san abin da ya sami Nana A'isha (RA) a dawowa daga yaƙin Banul Musɗaliƙ, da ta tsaya neman sarƙarta ayari ya wuce, Safwanu ɗan Mu'aɗɗal ya tsince ta ya kawo ta bisa raƙuminsa. Abdullahi ɗan Ubayyu ya ƙulla magana, Madina ta ɗauka. Abin da nake so ku lura da shi, ita tana kwance ba lafiya kusan wata guda, gari na ta juya sunanta, ba ta sani ba, sai da uwar Misɗahu ta yi tuntuɓe da dare magana ta kuɓuce mata. Matar Manzon Allah (SAW) ke nan, ita ce ta ƙarshen ji. Da aka tambayi Barira mai yi mata hidima, iyakar aibun da ta iya kawowa shi ne yarinya ce, takan yi barci ta bar ƙullu akuya ta cinye. Da aka tambayi Zainab 'yar Jahshi, kishiyarta, wadda suke gogayya da ita a wajen miji, ga dama ta samu, ko "hmm" ta yi ya isa, sai ta ce tana tsare jinta da ganinta, ba ta san komai ba sai alheri. 'Yar uwarta Hamnatu kuwa, da ta shiga maganar don taya 'yar uwarta kishi, tana cikin waɗanda aka ruwaito an yi wa bulala, ita da Misɗahu da Hassanu ɗan Sabit. Matan aure, ku riƙe wannan: kishiya ta kame bakinta, 'yar taya kishi ce ta sha bulala.

Hukuncin da ya sauka a Suratun Nur ai ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya jefi mace kamila da alfasha, ya kawo shaidu 4 da suka gani da ido, in ya kasa a yi masa bulala 80, kuma a daina karɓar shaidarsa. Kun ga inda Allah Ya mayar da ragin makin? A kan mai maganar. Shi ne sunansa zai faɗi, shi ne ba za a ƙara yarda da bakinsa ba. Mu kuma mun juya abin, wadda ta fi kowa kawo labari ita ce ake cewa ta san gari, ita ake fara nema in za a yi bincike, har a ba ta goro. Ba a ce shaidu huɗu da suka ji ba. Ko mutum dubu suka ji, in ba wanda ya gani, sifili ne. Suratul Hujurat kuma ta umarce mu da tantance labari kafin mu yi aiki da shi, ta kwatanta mai gulma da mai cin naman ɗan uwansa matacce. Muna karantawa da safe, da la'asar muna gidan kitso.

Kada wata ta ce na hana bincike. Ni ma uwa ce, ba zan ɗauki ɗiyata in ba wanda ban sani ba, kuma wanda aka tambaya ya san aibu na gaskiya ya ɓoye, ya ci amana. Amma ku dubi yadda aka yi shi a asali. Faɗimatu 'yar Ƙaisu, bazawara ce, ta je da ƙafarta ta gaya wa Manzon Allah (SAW) cewa Mu'awiya da Abu Jahmi suna nemanta. Ya gaya mata kai tsaye, wannan ba shi da dukiya, wancan kuma ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa, ya ba ta shawarar ta auri Usamatu ɗan Zaidu. Ga mai magana an san shi, ga aibu an ambace shi da sunansa, ga wadda abin ya shafa ita aka gaya wa. Kuma ku lura, mace ce take binciken maza. Yau fa? A tona yarinya har kakarta ta bakwai, shi kuwa yaro ana ganinsa yana tangaɗi da kwalbar maganin tari, a ce ƙuruciya ce, in ya yi aure zai bari. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar, da wani ya zo zai yi wa wani shaida, sai ya tambaye shi ko makwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa haɗa su. Da ya ce a'a, ya ce masa to ba ka san shi ba. In mai yabo ma sai an tsare shi haka, ina ga mai suka?

A 2024 jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure, a duba ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini saboda sikila. Wasu sun yi ta gunaguni, ni kuwa na ce ko ba komai wannan binciken yana da takarda, yana da sa hannu, in ba ki yarda da sakamakon ba ki canza asibiti a sake ɗibar jini. Gwajin bakin unguwa fa, a ina ake sake shi?

Za ku ce ai akwai kotu, tun shekarar 2000 ake aiki da shari'ar Musulunci a jihar Katsina, wanda aka yi wa ƙazafi ya kai ƙara. Haka ne. Amma wa za ta kai? Alƙali zai ce ina wanda ake ƙara, ta ce "an ce"? In ma ta san mai maganar, dangi za su taru a kanta, "Haba ke kuwa, ki bar wa Allah, in kika je kotu wanda bai ji ba ma sai ya ji." Da wannan tsoron masu gulma suke cin kasuwarsu, sun san kunya za ta hana a bi su. Sai a rarrashe ta da cewa hassada ga mai rabo taki ce. Takin me? Yarinya tana ɗaki shekara ta biyar, ƙannenta biyu sun yi aure sun bar ta, uwarta hawan jini ya kama ta, ana ce mata taki.

Saboda haka ni ga matsayata, kuma a kanta nake ko da za a rage mini nawa makin, dama mu marubuta mata an daɗe da gama mana lissafi, waɗanda ba su taɓa buɗe littafinmu ba su suka fi kowa sanin abin da ke ciki. Duk wadda ta kawo mini maganar ɗiyar wani, tambaya uku nake mata. Ke kika gani da idonki? Yaushe, kuma a ina? Za ki maimaita a gaban uwarta? In ta ce ita ma ji ta yi, in ce a bakin wa, tashi mu je. Ba na karɓar "hmm", ba na karɓar taɓe baki, in akwai magana a faɗe ta da sunanta yadda za a iya bincika ta, in babu a ce babu. Ku kuma iyayen maza, in kun ji abin da ya tsorata ku, ku tura dattijo ya sami uban yarinya a zaure ya ce ga abin da muka ji, a ba su dama su ce wani abu, ko da daga baya za ku fasa. Barawon akuya ma alƙali yana tambayarsa ko yana da ta cewa. In kuwa ke aka zo tambaya, kin san alherin yarinya, to ki buɗe baki ki faɗe shi dalla-dalla, ki ce shekara kaza muna makwabtaka, ta yi jinyar kakarta, na ba ta ajiyar kuɗin adashi ba a rasa ko kwabo ba, kuma ki ce a faɗa ni na faɗa.

Wadda take ganin na tsananta, ta gwada sau ɗaya. Ranar da mai kawo labari ta shigo ta zauna ta fara, "Ke, kin ji abin da ɗiyar wance ta yi?" ki ba ta ruwa, ki ƙwala wa yaro kira ki ce, "Maza je gidan wance ka ce Innarsu ta zo yanzu, ga baƙuwa tana da magana a kan ɗiyarta." Sannan ki zuba ido ki ga ko za ta tsaya ta shanye ruwan.